Kundin ajin rubutun Sinanci na 'yan kasuwa

11 ga Janairu, 2025

An buɗe aji. Mafi yawan masu zuwa 'yan kasuwa ne masu sarin kaya daga biranen Guangzhou da Yiwu na ƙasar Sin, 'yan yadi da 'yan kayan waya, sai ɗalibai ƙalilan masu shirin HSK, jarrabawar gwada iya Sinanci ga baƙi. Abin da aka sa a gaba shi ne mutum ya karanta rasit da rubutun jikin kwali da takardar abinci, ya tura wa mai kaya saƙo a WeChat, manhajar hira ta waya, ba tare da tafinta ba, ya cike fom da hannunsa. Rubutun ƙawa na buroshi da tawada fanni ne mai zaman kansa, ba ya cikin manhajar.

Sauƙaƙƙun haruffa za a koya, waɗanda gwamnatin Sin ta fara fitarwa a 1956, tunda da su ake aiki a babban yankin ƙasar da Singapore. Taiwan da Hong Kong da Macau suna kan na gargajiya. Ƙofa 门 ce a sauƙaƙe, 門 a gargajiyance. Saye 买 ne a nan, 買 a can. Wanda ya haɗa biyun tun farko hannunsa zai rikice, don haka na gargajiya sai an yi nisa, kuma don ganewa kawai.

Jerin haruffan da hukuma ta fitar a 2013 yana ɗauke da 8,105, amma rukuninsa na farko mai 3,500 shi ne na yau da kullum. Ko shi ɗin ma ba duka za a rubuta da ka ba. An raba aikin gida biyu: jerin ido, wato haruffan da mutum zai gane idan ya gani ya kuma zaɓo su a waya, da jerin hannu, wato waɗanda zai rubuta ba tare da ya duba ba. Na hannu 300 ne a wannan zangon. Ma'aunin koyar da baƙi Sinanci na 2021 ma haka ya raba, 3,000 na ganewa, 1,200 na rubutawa.

Kayan aiki: littafi mai gidaje murabba'i da aka ratsa kowane gida huɗu, wanda ake kira 田字格 (tiánzìgé). Idan ba a samu ba, a ja gidaje masu santimita biyu a littafin lissafi da rula. Fensir HB a watan farko, daga baya biro mai bakin 0.5. Biro mai kauri yana cushe harafi irin 谢 ya mai da shi dunƙulen tawada. Samfurin kwaikwayo kuma ya zama da salon 楷体 (kǎitǐ), wanda ya yi kama da na hannu, domin salon bugun jarida da na waya suna miƙar da layukan da hannu ke lanƙwasawa.

Haruffa biyar a rana, kwana shida, na bakwai bita.

18 ga Janairu

Makon layuka. Guda takwas ne tushe: kwance (héng), tsaye (shù), sharar hagu (piě), sharar dama (nà), ɗigo (diǎn), tashi sama (tí), kwana (zhé) da ƙugiya (gōu). An yi amfani da 永 wajen horar da hannu kamar yadda Sinawa suka saba, domin layi biyar gare shi amma ya tattara motsi takwas.

Matsaloli biyu suka bayyana. Ta farko ta masu hannun Larabci da ajami ce, suna jan layin kwance daga dama zuwa hagu. A kan takarda ba lallai a gane ba, amma layin yana gangarawa ƙasa ta dama, alhali ya kamata ya ɗan ɗaga. Maganinsa a sa ɗigon fensir a gefen hagu na gida kafin a fara, a cika shafi da 一 二 三 har hannu ya saba. Ta biyu ita ce 口. Wasu na zana shi da'ira, wasu layi huɗu. Uku ne: tsaye na hagu, sai kwance da ya yi kwana ya sauko ba tare da an ɗaga fensir ba, sai kwancen rufewa. Wanda bai gyara wannan yanzu ba zai kai kuskuren cikin 日 da 目 da 田 da 国 da sauransu masu yawa.

Ƙa'idojin jeri: kwance kafin tsaye (十), sharar hagu kafin ta dama (人), sama kafin ƙasa (三), hagu kafin dama (你), waje kafin ciki (月), a shigar da na ciki sannan a rufe (国), tsakiya kafin gefe (小). Akwai masu saɓa wa tsammani da sai an haddace su. A 九 sharar hagu ce farko, a 力 ita ce ƙarshe, ko da yake sun yi kama. A 火 ɗigon gefe biyu ne farko. Ɓangaren tafiya 辶 na 这 da 进 da 送 a ƙarshe ake rubuta shi duk da yana hagu.

Tambayar da ba ta ƙarewa ita ce me ya sa za a damu da jeri tunda siffa ɗaya za ta fito. Dalili uku ne. Harafin yana zama daidai a gidansa. Hannu yana riƙe jeri fiye da yadda ido ke riƙe hoto. Na uku ya fi shafar ɗan kasuwa: mai shago idan yana sauri haɗe layuka yake yi bisa wannan jerin, wanda bai san jerin ba kuwa ba zai warware rubutun rasit ba.

1 ga Fabrairu

Sabuwar shekarar Sin ta kama 29 ga Janairu, masana'antu a rufe, masu kaya ba sa amsa saƙo da wuri. An koyi 新年快乐 (xīnnián kuàilè) don gaisuwa, aka wuce zuwa lambobi.

一 zuwa 十 ba su ba kowa wahala a rubuce ba. Lissafin ne ke kayar da mutane. Mu muna tsayawa a dubu, su suna tsayawa a dubu goma, wato 万 (wàn). Dubu ɗari 十万 ne, miliyan 一百万, miliyan ɗari 一亿. Hanyar da ta fi aiki ita ce a goge waƙafin da ke raba sifili uku-uku, a ƙirga lamba huɗu daga dama a ja layi. 125,000 zai zama 12 da 5000, a karanta 十二万五千. A saƙon waya masu kaya kan taƙaita 万 da harafin w, sai a ga 3w ko 1.2w, ma'ana 30,000 da 12,000.

Tarko na biyu sifili ne. 一百五 ɗari da hamsin ne, ba ɗari da biyar ba. Ɗari da biyar 一百零五 ne, da 零 a tsakiya. Haka 一千二 dubu da ɗari biyu ne. Na uku shi ne biyu: 二 a ƙirga da 十二 da 二十, amma 两 (liǎng) gaban abin da ake ƙirgawa, kamar 两箱 kwali biyu, 两万 dubu ashirin.

Ragi kuma a juye yake. 打八折 ba ragin takwas ko tamanin cikin ɗari ba ne, za a biya tamanin ne, ragin ashirin ke nan. 9折 ragin goma ne. Duk yadda lambar ta ƙanƙanta, ragin ya fi yawa.

Kuɗi: 元 a rubuce, 块 (kuài) a baki. A rasit da takardar banki akwai manyan lambobi na hana magudi, 壹 贰 叁 肆 伍 陆 柒 捌 玖 拾 佰 仟, domin 一 da jan biro ɗaya ya koma 二 ko 十. Misali 叁仟伍佰元整 yuan 3,500 ne cif, 整 ɗin ƙarshe yana rufe ƙofar ƙari. Waɗannan an sa su a jerin ido kawai.

8 ga Fabrairu

Pinyin, wato rubuta lafazin Sinanci da haruffan boko, da karin sauti, a gurguje, tunda ba su ne jigon ajin ba amma babu mai buga harafi a waya sai da su. Bahaushe yana da ribar da Bature ba shi da ita, kunnensa ya san wuya na jiki daban da wuya ta wahala. Kari na ɗaya karin samanmu ne, na huɗu kuwa faɗau ne irin na "mai" na girki. Na biyu mai hawa da na uku mai nutsewa su ne baƙi, kuma a nan 买 (mǎi, saye) da 卖 (mài, sayarwa) suke rabuwa. A rubuce 卖 shi ne 买 da aka ɗora wa 十 a ka, layi shida ya zama takwas.

Haruffan pinyin da ke yaudarar mai karatun boko: c ba "c" ɗin Hausa ba ne, ya fi kusa da "ts" mai fitar iska, q ne ya fi kusa da "c" ɗinmu, p kuma a haɗe leɓe a fasa da iska, kar ya zame f. Mutanen kudancin Sin da yawa ba sa bambanta s da sh sosai, sai 四 (sì) da 十 (shí) su yi kama a kunne. Idan kuɗi ake magana, a ce 请写下来, a rubuta mini.

22 ga Fabrairu

An wuce harafi ɗari da hamsin, kuma nan ne haddar layi-layi ke ƙarewa. Wanda ya ci gaba da ɗaukar harafi a matsayin tarin layuka goma sha biyu zai tsaya cak. Daga yau ɓangare-ɓangare ake koyo.

Mafi yawan haruffa, kusan kashi tamanin cikin ɗari, haɗin abu biyu ne: ɓangaren da ke nuna fannin ma'ana da ɓangaren da ke nuna sauti. Ƙamus ɗin Kangxi na 1716 ya jera ɓangarorin tushe 214, amma talatin zuwa arba'in sun ishi mai farawa. An fara da na kasuwa. 钅 ƙarfe ne: 钱 kuɗi, 银 azurfa, 铁 baƙin ƙarfe. 纟 zare ne: 线 zare, 纱 yadi marar kauri, 红 ja, 绿 kore. 衤 tufa ce: 裤 wando, 裙 siket, 袜 safa. 讠 magana ce: 说 faɗi, 请 roƙo, 谢 godiya. 贝 asalinsa hoton wuri ne, domin Sinawan da can ma da wuri suka yi ciniki kamar kakanninmu, shi ya sa yake cikin 货 kaya, 贵 tsada, 费 kuɗin aiki, 账 lissafin bashi.

Ta ɓangaren sauti an ɗauki iyalin 青 (qīng). Da ruwa 清 (qīng) tsabta, da magana 请 (qǐng), da zuciya 情 (qíng), da rana 晴 (qíng) sararin sama ba hadari, da ido 睛 (jīng). Harafi biyar da wahalar ɗaya. Iyalin 马 (mǎ, doki) ma haka: 妈 uwa, 吗 alamar tambaya, 骂 zagi, da 码, wanda 'yan yadi za su riƙa gani kullum domin shi ne yadi na awo kuma shi ne lambar girman riga ko takalmi. Sai dai sautin jagora ne kawai, ba alkawari ba. 江 jiāng ake karanta shi ko da yake 工 gōng ne, 猪 zhū ne alhali 者 zhě ne. A yi hasashe, sannan a duba.

Abin da ke ɓata rubutu a wannan mataki rabon fili ne. Ɓangaren hagu yana matsewa ya ɗauki kusan sulusin gida, kuma yana sauya kama: 人 ya zama 亻, 水 ya zama 氵, 手 ya zama 扌, 心 ya zama 忄. Layin ƙasa na 土 a cikin 地 yana tashi sama, sharar dama ta 木 a cikin 样 tana komawa ɗigo. Masu rubuta ɓangarorin da girma ɗaya suna fitar da 好 kamar haruffa biyu, 女 da 子, mai karatu ya ɗauka kalma biyu ce. Gicciyen tsakiyar gida don wannan aka yi shi.

Wasu suna ƙirƙirar ɗan labari ga kowane harafi don tunawa. Yana taimakawa a ɗari na farko. Bayan nan labaran sukan fi haruffan nauyi, a ra'ayinmu gara a bar su ga masu taurin kai kaɗai.

8 ga Maris

Azumi ya kama, an rage zuwa harafi uku a rana, aka kawo darasin abinci gaba.

清真 (qīngzhēn) shi ne halal, da 寺 a ƙarshe 清真寺 masallaci. A 真 layi uku ne a ciki, kusan kowa biyu yake sawa. Nama: 牛肉 na sa, 羊肉 na tumaki ko awaki, 鸡肉 kaza, 鱼 kifi, 猪肉 alade. Abin da ya fi muhimmanci shi ne idan aka ga 肉 shi kaɗai a takardar abincin gidan da ba na Musulmi ba, galibi alade ake nufi, kamar a 肉包 da 肉丝. Akwai kuma sunayen da harafin alade ba ya fitowa a cikinsu sam: 火腿, 叉烧, 排骨, 腊肉. A jikin leda a nemi 配料, jerin kayan haɗi, a duba 猪油 man alade, 料酒 giyar girki, 明胶 gelatin. Harafin giya 酒 yana da ɗan layi a cikin akwatinsa, idan babu shi 洒 ne, yayyafi.

Jimloli huɗu sun shiga jerin hannu gaba ɗayansu, domin akwai ranar da waya ba caji: 我是穆斯林, ni Musulmi ne, 我不吃猪肉, ba na cin alade, 这个有猪油吗, akwai man alade a wannan, 不要放酒, kar a sa giya. Mai sauka Guangzhou ya san 小北, unguwar Xiaobei mai gidajen abincin halal da yawa, da 怀圣寺, tsohon masallacin Huaisheng.

22 ga Maris

Bita kawai, kan masu kama da juna. 人 入 八. 土 士, a na farko layin ƙasa ne dogo, a na biyu na sama. 未 末. 千 干 于. 午 牛, na sa yana da kai a sama. 大 太 犬. 我 找. 贝 见. Sai 己 已 巳: a buɗe, rabin rufe, a rufe ruf, 自己 kai da kanka, 已经 an riga. Idan aka koye su rana ɗaya suna cakuɗewa. An fi samun nasara idan ɗaya ya zauna mako guda a cikin kalmarsa, sannan a kawo ɗan'uwansa a ajiye su gefe da gefe.

5 ga Afrilu

An dawo daga hutun salla, an shiga gina jimla. Doka daga yau: ba a rubuta harafi shi kaɗai a littafi, sai cikin kalma, kalmar kuma cikin jimlar da mutum zai tura wa wani a makon. Dalili shi ne haruffa da yawa karatu biyu gare su, kalma ce ke tantancewa. 行 xíng ne a 不行 ba zai yiwu ba, háng ne a 银行 banki. 便 biàn ne a 方便 sauƙi, pián ne a 便宜 araha. 重 zhòng nauyi, chóng maimaici.

Jerin kalmomi ya yi kusa da na Hausa, mai aiki, aiki, abin da aka yi wa: 我要五十箱, ina son kwali hamsin. Aikatau ba ya sauyawa ko kaɗan. Bambancin da ke jawo kuskure uku ne. Lokaci da wuri suna zuwa kafin aikatau, 我明天去义乌, ni gobe tafi Yiwu. Mai abu yana gaban abinsa, 我的货, akasin "kayana". Kalmar tambaya kuma tana zama a gurbin amsarta, ba ta dawowa farko: 你要什么, kai kana son me.

Korewa iri biyu ce. 我不去 ba zan je ba, 我没去 ban je ba. Ga 有 kuwa kullum 没有, babu 不有 a harshen. 了 ba alamar shuɗaɗɗen lokaci ba ce kai tsaye, tana nuna kammaluwa ko sauyin hali, shi ya sa take cikin 太贵了, ya yi tsada da yawa.

Tsakanin lamba da abu sai an sa kalmar awo, kamar yadda muke cewa turmin atamfa biyu ko bandir uku, sai dai su ga kowane abu ne. 件 riga, 条 wando da duk mai tsawo, 双 takalmi, 台 inji, 辆 mota, 张 takarda, 卷 naɗi, 箱 kwali. Wanda ya manta ya sa 个, za a fahimce shi.

Saƙonnin da kowa ya rubuta da hannu sannan ya buga: 多少钱一米 nawa ne mita ɗaya, 便宜一点 a rage kaɗan, 有没有黑色的 akwai baƙi, 什么时候发货 yaushe za a tura kaya, 钱已经转了 an riga an tura kuɗi. Ba a barin fili tsakanin kalmomi, aya ɗan zobe ce 。 kuma tana cin gida guda.

12 ga Afrilu

Gyaran wayoyi. A ƙara Sinanci sauƙaƙƙe a madannai, na pinyin da na rubutun yatsa. A buga jimla gaba ɗaya, ba harafi ɗaya-ɗaya ba, domin "shi" kaɗai zai kawo haruffa da dama, amma "shenmeshihou" zai kawo 什么时候 kai tsaye. Wasalin ü da v ake buga shi, 绿 lv ne, 女 nv. Birnin 西安 sai an sa alamar rabewa, xi'an, in ba haka ba 先 zai fito.

A wasu wayoyi 直 da 骨 sun fito da siffar da ta saɓa wa littafi. Ba kuskuren littafi ba ne, wayar ce ke nuna siffar Japananci saboda ba a sa Sinanci a jerin harsunanta ba. Ana ƙara shi a matsayin harshe na biyu ya gyaru.

Waya ba ta gyara kuskuren masu sauti ɗaya. 在 da 再 duka zài ne, na farko kasancewa a wuri, na biyu sake yi. 他 da 她 duka tā ne, shi da ita. Ido ne zai zaɓa.

Ƙamus manhajar Pleco, bita manhajar katuna ta Anki, tarin kati biyu daban. Katin ido harafi ne a gaba, ma'ana a baya. Katin hannu ma'anar Hausa da pinyin ne a gaba, sai an rubuta a takarda sannan a juya. Ɗaukar hoto a fassara shi ne zaɓin ƙarshe, bayan an gwada ganewa ta ɓangare an kuma gwada zanawa da yatsa.

26 ga Afrilu

Baje kolin Canton yana ci a Guangzhou, ya fara 15 ga wata zai kai 5 ga Mayu, wasu 'yan aji sun tafi. Waɗanda suka rage sun kawo kwalaye da tsofaffin rasit, daga yau kuma su ne littafin karatu. Harafin da ya fito sau uku a takardun mutum ya shiga jerinsa, ko manhajar HSK ta ajiye shi a mataki na biyar.

Jikin kwali: 品名 sunan kaya, 货号 lambar kaya, 数量 adadi, 毛重 nauyi da kwali, 净重 nauyin kaya zalla, 尺寸 girma, 易碎 mai fashewa, 向上 nan ne sama, 防潮 a kare daga danshi, 中国制造 ƙirar Sin. Kwanan wata daga shekara yake farawa, 2025年4月26日, don haka 25/04/26 ba 25 ga wata ba ne. 生产日期 ranar yi ce. 保质期 yawanci tsawon lokaci yake bayarwa, kamar 12个月 wata goma sha biyu, mutum ya lissafa ranar lalacewa da kansa.

Awo: 公斤 kilo ne, 斤 shi kaɗai rabin kilo, giram 500. Farashin da ya yi araha fiye da kima a duba ko na 斤 ne. 米 mita, 码 yadi, wanda bai kai mita ba, santimita 91.44 ne, a mita dubu bambancin ya haura yadi casa'in. 立方 ko 方 shi ne awon fili na kwantena.

Rasit: 单价 farashin ɗaya, 金额 kuɗin layi, 合计 jimla, 运费 kuɗin dako, 尾款 cikon kuɗi. 收据 shaidar karɓar kuɗi ce kawai, 发票 ita ce takardar haraji ta hukuma.

Sai kalmomi biyu da suka cinye rabin darasi, 定金 da 订金. Dukansu dìngjīn ake faɗa, kari ɗaya, kunne ba zai taɓa raba su ba. 定金 kafin alƙalami ne mai ɗaure ciniki. A dokar farar hula ta Sin da ta fara aiki 1 ga Janairu 2021, idan mai saye ya fasa ya rasa shi, idan mai sayarwa ya fasa ya mayar da ninki biyu, kuma ba ya wuce kashi ashirin cikin ɗari na kuɗin cinikin. 订金 kuwa ana ɗaukarsa kuɗin gaba ne, galibi ana mayarwa idan ciniki ya watse. Na farko yana da rufi 宀 a ka, layi takwas. Na biyu yana da 讠 a hagu, layi huɗu. Wanne ya fi ya danganta da wanda ake tsoron zai fasa. Duka biyun sun shiga jerin hannu.

10 ga Mayu

Fom da adireshi. 姓名 suna, 性别 jinsi, 男 ko 女, 国籍 ƙasa, 出生日期 ranar haihuwa, 护照号码 lambar fasfo, 地址 adireshi, 电话 waya, 签名 sa hannu, 收件人 mai karɓa, 寄件人 mai aikawa. Adireshi daga babba yake zuwa ƙarami: 省 lardi, 市 birni, 区 yanki, 路 titi, 号 lamba, 楼 bene, 室 ɗaki. A lambar waya ana kiran ɗaya yāo maimakon yī don kar ya yi kama da bakwai.

Najeriya 尼日利亚 ce, Nijar 尼日尔. Harafi biyun farko ɗaya ne, mai kai kaya cikin sauri yana iya tsayawa a nan, don haka a rubuta birni kusa da ƙasa, 卡诺 Kano, 尼亚美 Yamai, 马拉迪 Maraɗi. Suna a takardun hukuma da na banki a bar shi da boko yadda yake a fasfo. Na Sinanci don mu'amala ne, kuma gara gajere. 穆罕默德, Muhammadu, layi hamsin da huɗu ne.

31 ga Mayu

An yi shifta kan jerin hannu duka. Lambobi da kalmomin jikin kwali da na abinci sun zauna, saboda ana cin karo da su a wajen aji. Waɗanda suka zube su ne waɗanda ake bugawa a waya kullum amma ba a rubutawa: 谢, 箱, 想, 便, 候. Mutum yana gane su nan take, ya ɗauki biro ya rasa ta inda zai fara. Sinawa kansu suna da suna ga wannan, 提笔忘字.

An lura masu cika shafi da harafi ɗaya sau talatin ba su fi masu rubutawa sau biyar ba. Bayan na huɗu ko na biyar hannu kwafa yake yi daga na kusa, kai ya tafi wani wuri. Tsarin da za a bi yanzu: a duba a rubuta sau uku, a faɗi ɓangarorin da baki, 谢 shi ne 讠 da 身 da 寸, 箱 gora ce a kan 相, 想 kuma 相 ɗin ne a kan zuciya, a rufe a rubuta da ka, a sake washegari, bayan kwana uku, bayan mako, bayan mako biyu, bayan wata. Wanda ya faɗi a kowane mataki ya koma farko.

Sabbin haruffan hannu sun tsaya har bayan babbar salla, jerin ido kuma zai ci gaba da goma a rana. Kowa zai rubuta jimla uku da hannu kowane dare kan cinikin ranar, a kawo ran Asabar a gyara. Masu HSK su lura cewa a tsarin matakai shida, na ɗaya da na biyu suna zuwa da pinyin a kan haruffa, na uku mai kalmomi 600 ba ya zuwa da shi kuma yana da sashen rubutu, don haka za a ware musu rabin awa a ƙarshen kowane zama. Darasi na gaba karatun rubutun hannu ne na sauri. Ana buƙatar rasit ashirin na hannu daga shaguna daban-daban, a rufe sunaye da lambobin waya kafin a kawo.